Ciwon Sukari da Ciwon Mantuwa: Darasi ga Iyalai Mazauna Glass da Masu Kai-komo Tsakanin Gabon da Gida

Ya kai mai karatu, idan a gidanku akwai mai ciwon sukari, ka riga ka san gaɓoɓin da likita ke yawan gargaɗi a kansu, wato ido da ƙoda da zuciya da ƙafa. Akwai ta biyar da ba a cika ambatonta ba, ita ce ƙwaƙwalwa. Bincike na shekaru da dama ya nuna cewa mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi haɗarin raunin tunani da ciwon mantuwa a lokacin tsufa. Haka kuma idan mantuwa ta shigo, kula da sukarin kansa yana lalacewa, domin wanda ya manta ko ya sha magani ba zai iya riƙe ƙa'idar magani ba. Kowanne daga cikin cututtukan biyu yana ƙara wa ɗaya ƙarfi.

An tsara wannan darasi domin Hausawa mazauna unguwar Glass da sauran unguwannin Libreville, da danginsu da ke Nijar da Nijeriya da Kamaru. Da yawa daga cikinku sun shafe shekaru suna kasuwanci a nan, wasu kuma sun fito ne daga tsofaffin zangunan Hausawa na arewacin Gabon, irin su Bitam da Oyem. Waɗanda suka zo da ƙuruciya yau sun yi furfura, kuma jinyarsu takan rabu biyu, rabi a Libreville, rabi a gida. Wannan rabuwa tana da nata haɗari, za mu zo kansa.

Ma'anar kalmomin biyu

Ciwon sukari shi ne yanayin da sukarin da ke cikin jini ya wuce ƙima ya daɗe a haka. Akwai wani sinadari mai suna insulin da jiki ke samarwa, aikinsa shi ne ya shigar da sukari daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki domin su samu ƙarfi. A nau'i na ɗaya jiki ba ya samar da insulin. A nau'i na biyu, wanda shi ne na kusan mutum tara cikin goma na masu ciwon, insulin yana nan amma jiki ba ya jin maganarsa yadda ya kamata, daga baya kuma yawansa ya ragu. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba.

Ciwon mantuwa, wanda wasu ke kira gigin tsufa, ya wuce manta inda aka ajiye makulli. Lalacewa ce ta tunani da ke ci gaba a hankali har ta hana mutum gudanar da al'amuransa na yau da kullum: lissafin kuɗi, gane hanya, riƙe zance, yanke shawara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, wadda ta samo sunanta daga likitan Jamus Alois Alzheimer da ya bayyana ta a 1906. Mai bi mata shi ne mantuwar da lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke haifarwa. Sau da yawa ana samun biyun a kan mutum guda.

Tsufa shi ne babban abin da ke ƙara haɗarin, amma ba kowane tsoho ne ke kamuwa ba. Ka san dattawan da suka haura tamanin da hankalinsu garau. Saboda haka idan tunanin dattijo ya fara rikicewa, kada a ce ai tsufa ne a yi shiru.

Abin da bincike ya nuna

A 1999 masu bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holan suka wallafa sakamakon bibiyar dattawa 6,370. Sun gano cewa haɗarin ciwon mantuwa ga masu ciwon sukari ya kusa ninka na sauran. A 2011 wani bincike a garin Hisayama na Jafan, wanda ya bi mutane fiye da 1,000 har tsawon shekara 15, ya sake nuna cewa masu ciwon sukari sun fi kamuwa. A 2016 aka tattara bincike da dama da suka ƙunshi mutum miliyan 2.3, aka samu cewa ciwon sukari nau'i na biyu yana tare da ƙarin haɗari na kusan kashi 60 cikin ɗari.

Ka fahimci wannan adadi da kyau, domin kada ya tsorata ka. Ba yana nufin mutum 60 cikin kowane mai ciwon sukari 100 za su kamu ba. Ga misali: a ce cikin dattawa 100 marasa ciwon sukari 10 ne za su kamu a wani tsawon lokaci, to cikin masu ciwon sukari 100 za a samu kimanin 16. Mafi yawansu ba za su kamu ba.

Daɗewar ciwon tana da tasiri. Wani bincike da ya bi ma'aikatan gwamnati 10,095 a Landan tun daga tsakiyar shekarun 1980, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa gwargwadon yadda ciwon sukari ya kama mutum da wuri, gwargwadon ƙaruwar haɗarin mantuwa. Wanda ya kai shekara 70 alhali ya yi fiye da shekara goma da ciwon, haɗarinsa ya ninka na wanda ba shi da shi. Darasin a nan na mai shekara arba'in ne da hamsin: duk shekarar da ka jinkirta zuwan ciwon riba ce ga ƙwaƙwalwarka.

A Afirka ma an yi bincike. Wanda aka gudanar a 2008 zuwa 2009 kan masu shekara 65 zuwa sama ya samu ciwon mantuwa a kashi 8.1 cikin ɗari a Bangui, da kashi 6.7 a Brazzaville, babban birnin Kongo maƙwabciyar Gabon. A Nijeriya kuwa, tun 1992 likitoci suka riƙa kwatanta dattawan Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indianapolis. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 na dattawan Ibadan ke kamuwa, na Indianapolis kuwa kashi 3.24. Daga cikin bambance-bambancen da aka lura da su, mutanen Ibadan na wancan lokaci ba su kai na Amurka yawan ciwon sukari da hawan jini da kitsen jini ba. Wannan abin lura ne ga duk wanda ya bar ƙauye ya koma rayuwar birni, abincinsa ya sauya, zamansa ya fi tafiyarsa yawa.

Yadda sukari ke taɓa ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke amfani da shi, kuma sukari ne babban abincinta. Ba ta da rumbun ajiya, dole ne jini ya riƙa kawo mata a kowane lokaci. Shi ya sa yawan sukari ke cutar da ita, ƙarancinsa ma haka.

Hanya ta farko ita ce jijiyoyin jini. Sukari mai yawa yana lalata bangon ƙananan jijiyoyi, su yi kauri, su ƙuntata. Abin da ke faruwa a ido da ƙoda shi ne ke faruwa a ƙwaƙwalwa. Wasu jijiyoyin kan toshe ba tare da mutum ya ji komai ba, ƙananan wurare su mutu ɗaya bayan ɗaya, sai bayan shekaru a ga tunani ya yi nauyi, tafiya ta sauya. Idan babbar jijiya ce ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda ita ma ke ƙara haɗarin mantuwa. Hawan jini da shan taba da kitsen jini suna taya sukari wannan ɓarna.

Hanya ta biyu ita ce insulin kansa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna amfani da shi, musamman a sashen da ke ajiye sababbin abubuwan da mutum ya gani ko ya ji. Masana suna ganin rashin jin insulin da kumburin cikin jiki da ke tafe da shi suna taimakawa wajen raunana wannan sashe.

Hanya ta uku ita ce faɗuwar sukari, kuma ita ce iyalai suka fi sakaci da ita. Idan magani ya yi yawa, ko aka sha shi ba a ci abinci ba, sukari kan faɗi ƙasa da abin da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Wani bincike a jihar Kalifoniya ta Amurka, kan dattawa 16,667 masu ciwon sukari nau'i na biyu, ya nuna a 2009 cewa wanda sukarinsa ya taɓa faɗuwa har aka kai shi asibiti sau ɗaya, haɗarin mantuwarsa ya ƙaru da kashi 26 cikin ɗari, sau biyu da kashi 80, sau uku ko fiye da kashi 94.

Wannan ya sa matsa wa sukari fiye da ƙima ba dabara ba ce ga dattijo. A wani babban gwaji mai suna ACCORD da aka yi a Amurka da Kanada, an raba marasa lafiya gida biyu, ɗaya aka tsananta masa magani domin sukarinsa ya yi ƙasa sosai, ɗaya aka bi da shi a tsaka-tsaki. An dakatar da tsanantawar a 2008 domin mace-mace sun fi yawa a wannan ɓangare. Da aka auna tunanin mutum 2,977 daga cikinsu, ba a ga tsanantawar ta ƙara musu kaifin tunani ba. Abin nema shi ne daidaito: kada sukari ya daɗe a sama, kada kuma ya faɗi.

Yadda mantuwa ke ɓata jinyar sukari

Jinyar ciwon sukari aiki ne na ƙwaƙwalwa. Mai shi yana buƙatar tuna lokacin magani, auna yawan insulin, karanta lambar na'ura, cin abinci a kan kari, da gane alamar faɗuwar sukari. Idan tunani ya fara rauni, waɗannan su ne ke fara zubewa. Dattijo zai yi allura da safe, ya manta, ya sake yi. Ko ya sha ƙwaya ya fita kasuwa bai karya ba. Sukari ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ƙara jin jiki, kuskure ya ƙaru.

Saboda haka, idan mutumin da ya shafe shekaru sukarinsa a daidai ya fara hawa da sauka ba dalili, kada ka yi saurin cewa ya yi taurin kai ko yana satar cin zaƙi. Mai yiwuwa ƙwaƙwalwarsa ce ke neman taimako.

Alamomin da za ka lura da su

Ka sa ido idan ka ga waɗannan suna maimaituwa, suna ƙaruwa cikin watanni:

1. Yawan maimaita tambaya ɗaya bayan an ba shi amsa.
2. Rikicewa a lissafin da ya saba, kamar ɗan kasuwar da ya yi shekaru a Mont-Bouët yanzu yana kuskuren canji ko yana manta wanda ya ba bashi.
3. Ɓacewa a hanyar da ya sani, kamar daga gida zuwa masallaci.
4. Rasa kalmomin yau da kullum, ko komawa Hausa zalla alhali a da yana jin Faransanci.
5. Ajiye kaya a wurin da bai dace ba, sannan ya zargi na kusa da shi da sata.
6. Sauyin hali: mai fara'a ya koma mai faɗa, ko mai son jama'a ya koma kaɗaici.
7. Ƙwayoyin magani su ƙare kafin lokaci, ko su yi saura da yawa.

Ka bambanta wannan da rikicewar da ta zo farat ɗaya, cikin sa'o'i ko kwana guda. Ita wannan ta gaggawa ce. Abu na farko, a auna sukari. Idan ya yi ƙasa da 0.70 g/L, ko babu na'ura amma ga gumi da rawar jiki da yunwa da ruɗewa, a ba shi ƙwayar sukari uku ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a zuba masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti. Haka nan idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a jira gari ya waye.

Ba kowace mantuwa ce ba ta da magani

Akwai abubuwan da ke kama da ciwon mantuwa amma ana warkar da su. Ciwon damuwa yana sa dattijo ya yi shiru ya daina riƙe abubuwa, kuma ya fi yawa ga masu ciwon sukari. Raunin ji yana sa a ɗauka mutum ya manta, alhali bai ji ba ne tun farko. Raunin gani ma haka. Ƙarancin aikin halittar tayirod da ke wuya yana kawo nauyin tunani. Maganin metformin, wanda shi ne aka fi ba masu nau'i na biyu, yana iya rage bitamin B12 idan an daɗe ana shansa, ƙarancin B12 kuma yana taɓa tunani da jijiyoyin ƙafa. Wannan ba dalilin daina shi ba ne, dalili ne na neman a auna. Magungunan barci da wasu na mura ma suna ruɗa tsofaffi. Zuwa asibiti da wuri shi ne ke tantance waɗannan.

Jinya tsakanin ƙasashe biyu

A nan ne mazauna Libreville ke da matsalar da ta keɓanta da su. Mutum zai fara jinya a cibiyar lafiya ta Glass ko a babban asibitin koyarwa na Libreville, ya tafi gida wata huɗu ya ga wani likita a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko a Maraɗi, ya dawo da wata takardar. Babu likitan da ya ga tarihinsa gaba ɗaya. Ga abubuwa huɗu da za su kare ka.

Na farko, ma'aunin sukari. A Gabon da Nijar da Kamaru an fi rubuta shi da g/L, a Nijeriya kuwa da mmol/L ko mg/dL. Sukarin da aka auna kafin karin kumallo, wanda takardar Faransanci ke kira glycémie à jeun, idan ya kai 1.26 g/L, daidai yake da 126 mg/dL, daidai yake da 7.0 mmol/L, kuma wannan ita ce iyakar da ake tabbatar da ciwon idan an maimaita. Iyakar faɗuwa ita ce 0.70 g/L, wato 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L. Domin mayar da mg/dL zuwa mmol/L, sai a raba da 18. Duk lokacin da ka rubuta lamba ko ka faɗa wa ɗan'uwa ta waya, ka haɗa da ma'auninta. Idan an sayo na'ura daga wata ƙasa, a duba wane ma'auni take nunawa.

Na biyu, sunan magani. Magani ɗaya yana da sunan kasuwa daban-daban. Glucophage shi ne metformin, Daonil shi ne glibenclamide. Wanda bai sani ba zai iya haɗa na Libreville da na Kano ya sha abu ɗaya ninki biyu. Glibenclamide kuwa yana cikin magungunan da suka fi kayar da sukarin tsofaffi, musamman masu raunin ƙoda, don haka ka tambayi likita ko ya dace da dattijonku. Ka je wurin likita da dukan kwalayen da ake sha, har da na gargajiya, domin wasu jiƙe-jiƙen ma suna sauke sukari.

Na uku, littafin jinya. Ka tanadi ƙaramin littafi guda da ke ɗauke da sunan kowane magani da yawansa, sakamakon gwaje-gwaje, awon hawan jini, da ranar duk wata faɗuwar sukari. Ka ɗauki hoton shafukansa a waya ka tura wa wanda zai karɓi dattijon a ɗaya ƙasar. A cikinsa a rubuta sakamakon gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku. Idan mutum yana da sikila ko ƙarancin jini, a gaya wa likita, domin suna iya sa wannan gwaji ya ba da lambar da ba daidai ba.

Na huɗu, tanadin tafiya. A tafi da maganin da zai wuce kwanakin tafiyar. Insulin ya zauna a jakar hannu, nesa da rana, kada ya daskare, kada kuma a bar shi cikin mota mai zafi. Damshin Libreville yana lalata tsinken gwaji idan aka bar murfinsa a buɗe. Wanda ke da katin inshorar CNAMGS, wadda aka kafa a 2007, ya riƙa zuwa da shi. Wanda ba shi da ita ya ware kuɗin magani tun farkon wata, domin yanke magani saboda kasuwa ta yi sanyi ya fi tsada daga baya. Dattijon da tunaninsa ya fara rauni kada ya yi doguwar tafiya shi kaɗai, kuma ku sani sauya muhalli yakan ƙara masa ruɗewa na ɗan lokaci.

Abin da ke hannunka

A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda suka ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa a duniya. Ciwon sukari yana ciki, tare da hawan jini, ƙiba, shan taba, yawan shan giya, rashin motsa jiki, raunin ji, raunin gani, kitsen jini, ciwon damuwa, kaɗaici, buguwar kai, gurɓatacciyar iska da ƙarancin ilimi. A ƙasar Finlan, wani gwaji kan dattawa 1,260 ya nuna a 2015 cewa waɗanda aka haɗa musu gyaran abinci da motsa jiki da horar da tunani da kula da jijiyoyin jini na shekara biyu sun fi takwarorinsu riƙe kaifin tunani. Rigakafi ya fi magani, kuma ga matakansa.

Ka auna sukari da hawan jini ko da kana jin lafiya, musamman idan ka haura arba'in, ko kana da ƙiba, ko akwai ciwon a danginku. Hawan jini a kula da shi kamar yadda ake kula da sukari, domin jijiya ɗaya suke ci.

Ka duba kwanonka. Shinkafa da burodi da rogo da ayabar dafawa duk suna komawa sukari a jini. Ba a ce ka bar su ba, a rage yawansu, a ƙara ganye da wake da kifi, wanda Allah ya hore wa wannan gari. Shayin da aka cika wa sukari da madarar gwangwani mai zaƙi, da lemon kwalba, su ne wurin fara ragewa. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen miya.

Ka motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Daga Glass bakin ruwa ba nisa, tafiya da sassafe ko bayan la'asar ta wadatar. Ranar ruwan sama a zagaya cikin gida. Mai zaman shago ya riƙa miƙewa yana takawa lokaci-lokaci.

Ka bar taba. A duba ido sau ɗaya a shekara, a duba kunne idan ji ya ragu. Kada dattijo ya yanke zumunci: zaman majalisa da karatu da hira da jikoki duk aiki ne ga ƙwaƙwalwa.

Game da azumi, a ga likita makonni kafin watan Ramadan domin a gyara lokaci da yawan magani. Auna sukari da tsinke ba ya karya azumi. Ƙa'idar likitoci ita ce a sha ruwa nan take idan sukari ya yi ƙasa da 0.70 g/L ko ya haura 3.00 g/L. Dattijon da ke allurar insulin kuma tunaninsa ya raunana yana cikin masu babban haɗari. A haɗa shawarar likita da ta malami, domin addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Idan ciwon mantuwa ya riga ya zo

Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi, amma akwai abin yi da yawa. A nemi likita ya sauƙaƙa jinyar: ƙarancin ƙwayoyi, ƙarancin allurai, da magungunan da ba su cika kayar da sukari ba. Ga irin wannan dattijo likitoci kan sassauta iyakar HbA1c zuwa ƙasa da kashi 8, domin kauce wa faɗuwa ya fi muhimmanci. Mutum ɗaya a gida ya ɗauki alhakin magani, ya ajiye shi a wurinsa, ya ba da shi da hannunsa, ya yi alama a littafi. Abinci ya zo a lokaci ɗaya kullum. A sa masa takarda a aljihu mai ɗauke da sunansa da lambar wayar gida da bayanin cewa yana da ciwon sukari, da Faransanci da Hausa. Al'amarin shago da basussuka da takardun zama a daidaita su tun yana iya faɗin ra'ayinsa.

Wannan ciwo ba hauka ba ne, ba maita ba ce, ba kuma sammu ba. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa kamar yadda ake da cutar ƙoda. Idan Baba ya zarge ka da ɗauke masa kuɗi, kada ka yi musu da shi, ka ce, "Baba, zo mu duba tare." Idan Inna ta sake tambayar da ta yi ɗazu, ka amsa kamar yanzu ta fara. Kada a ɗaure shi, kada a kulle shi, kada a ɓoye shi don kunya. Mai jinya ma yana gajiya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a raba kwanaki tsakanin 'yan'uwa, waɗanda ke nesa su ɗauki nauyin kuɗin magani.

Tambayoyin bita

1. Ta waɗanne hanyoyi uku ciwon sukari ke cutar da ƙwaƙwalwa?
2. Ɗan'uwanka ya kira daga Kano ya ce sukarin Baba 3.5 mmol/L ne. Me za ka ce a yi nan take?
3. Waɗanne abubuwa ne ke kama da ciwon mantuwa amma ana magance su?
4. Me ya kamata littafin jinya ya ƙunsa kafin a yi tafiya?

Ku karanta wannan takarda tare da mutanen gida, ku karanta wa wanda ba ya iya karatu. A cikin wannan mako ku tattara magungunan dattijonku wuri ɗaya, ku buɗe masa littafin jinya, ku kuma sa ranar da za ku raka shi asibiti a auna sukari da hawan jini, a gaya wa likita duk wani sauyi da kuka gani a tunaninsa. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.